Farin Layin Labaran Mai-Rediyo

Duk wanda ya ce maka Labaran Mai-Rediyo mutum ne mai sauƙin kai, to bai taɓa kai masa aiki ba. Ni na san shi tun muna yawo ba wando a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, kuma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Ni ma dai ba na yabon kaina. Sunana Abdulsalam, amma duk Ibadan da Jatau aka san ni, Jatau direba, wanda ba a taka shi ya ƙyale. Shekara hamsin muka yi da Labaran muna faɗa muna shiryawa. Sau ɗaya ne gardamar tamu ta kusa jawo mini asarar da ba ta da magani, ita ce kuma ta sa nake ba da labarinsa.

Ubansa Malam Mahmudu ɗaurin goro yake yi, kuma ya ƙware, in ya ɗaure huhu sai ya kai Kano ganyen bai bushe ba. Ya so ɗan ya gaje shi. Labaran kuwa tun yana saurayi hankalinsa na unguwar Mokola, shagon wani Ibo mai gyaran rediyo. Shekara bakwai ya yi a hannun mutumin nan, yana ce masa Oga, yana shaƙar hayaƙin dalma, mu kuma muna yi masa dariya muna kiransa Injiniya. A shekarar da aka sami 'yancin kai ya buɗe nasa shagon a bakin Sabo, ɗan akurki ne na katako da kwano, mutum biyu ba sa zama a ciki sai gwiwa ta gogi gwiwa.

Gyaran rediyo ke ciyar da shi, amma abin da ya fito da sunansa ɗaura lasifika a kan mota ne. Lokacin abin yana tashe. Masu tallar maganin basir da na tsutsar ciki, 'yan siyasa, masu Mauludi, kowa so yake a kafa masa ƙaho a saman mota ya zaga gari. Kayan iri biyu ne: akwai amfilifaya, akwatin da ke cikin mota yana ba murya ƙarfi, akwai kuma ƙahon da ke sama yana fitar da ita. Kowanne da lambarsa a jiki, ana ce mata wat. Ta akwatin tana nuna ƙarfin da yake turawa, ta ƙahon tana nuna wanda zai iya ɗauka. Labaran ba ya ko taɓa sukudireba sai ya goge ƙura ya karanta lambobin nan biyu.

"Kai da ke lodin goro kullum, me zan gaya maka?" haka yake ce mini. "Ƙahon nan ɗan dako ne. In wuyansa na huhu ɗaya ne ka ɗora masa uku, zai yi taku goma ya zube. In kuma ka kawo ƙaramin akwati ka ce lallai sai ya cika babban ƙaho, murɗe shi za ka yi har ƙarshe, ya riƙa kakari, muryar ta dagargaje, daga baya shi ma ya ƙona maka ƙahon. Kawo lambobinsu kusa da juna kawai, Jatau. Ba wani sihiri a ciki."

In ya gama haɗawa sai ya miƙa wa mai motar abin magana ya ce ya yi ta surutu. Shi kuma ya kama hanya da ƙafa har wajen shataletalen Mokola, ya tsaya ya rufe ido kamar mai addu'a. Sai ya dawo ya ɗan murɗa maɓallin ƙara, ya sake komawa. Wani lokaci sau huɗu. Ya ce in ya rufe ido bai gane wanda ke magana ba, to bai gama aiki ba. In ya gamsu, sai ya buɗe wani gwangwanin farin fenti, ya tsoma tsinken tsintsiya, ya ja ɗan layi a jikin akwatin, daidai inda maɓallin zai tsaya. "Ka wuce nan, kada ka dawo mini." Kuma da gaske yake. Akwai mai maganin da ya wuce layin, ƙaho ya ƙone, ya zo da kuka da roƙo har da Yarabanci, Labaran ya bar shi tsaye a rana ya ci gaba da cin rogonsa.

To mu mutanen Sabo, gaskiya ɗaya ce, muna son ƙara. A ganinmu girman taro shi ne a jiyo shi daga kasuwar Dugbe, can tsakiyar gari. Maigidana Alhaji Ladan, dillalin goro, wanda nake jan motarsa, ya sayo wani ƙaton amfilifaya mai wat sittin saboda Mauludi, mai cin batir biyu, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Labaran ne ya haɗa masa shi da ƙaho huɗu a kan turaku, ya ja masa farin layinsa, abin ya yi kyau ƙwarai. Daga ranar na raina ɗan akwatin Labaran mai wat talatin, wanda yake haɗawa da ƙahoninsa biyu, kowanne mai sha biyar.

A sittin da shida, da ƙasa ta rikice, Ogansa ya kwashe iyali zai koma gabas. Ya zo har Sabo da wani akwatin katako a kai, kayan aikinsa ne da ba zai iya tafiya da su ba, ya ajiye wa Labaran. Ina wurin. Suka rungume juna. Labaran ya tura akwatin ƙarƙashin gadonsa. Bayan haka kayan gyara suka yi wuya, don yawancin masu sayar da su sun tafi, na sha ce masa ya buɗe ya duba ko akwai abin da zai yi masa amfani. Sai ya harare ni ya ce amana ce, ba nasa ba ne.

Yanzu bari in gaya maka wace ce Inna, mahaifiyata. Daga wani ƙauye a ƙasar Kano aka kawo ta Ibadan tana amarya, ta yi shekara arba'in da wani abu a cikin gida, Yarabancin da ta iya bai kai kalma goma ba. Ni ne ɗanta na fari. Ka san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ko Abdulsalam ko Jatau. In tana son a kira ni sai ta ce, "Ina wancan?" Da na fara tuƙi na zama "mai motar nan". In na shiga gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Na san tana sona, don kullum akwai ƙwaryar furar da ake rufe mini a bayan ƙofarta, wai ba a san wanda ya ajiye ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, tun ina yaro abin yana ci mini rai, in ji tana kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ni kuwa wancan.

Da tsufa ya kama ta sai hankalinta ya fara gushewa. Ta riƙa tambayar mutanen da suka rasu tun tuni. Abu ɗaya kuma ya tsaya mata a rai: tsoron mota mai lasifika. Lokacin rikicin siyasa na sittin da biyar wata ta tsaya a layinmu tana ruri, kafin a ankara an cinna wa wani gida wuta. Tun daga nan in ta ji irin wannan ƙara sai ta shige bayan gado tana rawar jiki. Na san da wannan sarai. Ka riƙe shi a ranka, don ka ga irin wautar da na yi.

Cikin daminar sittin da bakwai, an fara yaƙi, sai labari ya zo wai sojan Biyafara sun iso garin Ore, wai kwana biyu za su shigo Ibadan. Kai, ka ga Sabo a makon nan! Wasu na ɗaure kaya, wasu na sayar da tukwane, tashar mota ta cika da mata da yara. Inna tana jin komai daga ɗakinta. Matata Barakatu ta ce tun ranar Litinin take maimaita magana ɗaya: "A tashi a tafi gida, rana na yi." Ranar Talata da hantsi Barakatu ta shiga kai mata koko, ta tarar da tabarma ba kowa. Ta ɗauki mayafinta da 'yar butarta ta fice, cikin wannan hayaniya babu wanda ya lura.

Ranar nan da ƙafa muka neme ta. Muka kai cigiya gidan Sarkin Hausawa, muka kai wa 'yan sanda, aka faɗa a masallaci bayan kowace salla. Muka bi Mokola lungu-lungu, muka leƙa har cikin kwatami. Da yamma aka tsuge da ruwa. Ina tsaye a zaure ina kallon ruwan nan, ina tuna tsohuwar da ba ta jin yaren garin, ba ta san sunan unguwarta ba in an tambaye ta, tana waje cikinsa. Wani mai koro shanu ya ce ya ga tsohuwa da buta ta wuce Sango ta nufi hanyar Oyo. Hanyar arewa ke nan. Gida za ta, da ƙafa.

Laraba da sassafe na je wa Labaran. Kafin in buɗe baki na tarar har ya fito da ƙahoninsa biyu da ɗan akwatinsa, ya goge su. Alhaji Ladan ya ba ni motar goro ya ce kada in dawo da ita sai da Inna. Labaran ya hau sama ya ɗaure ƙahonin. Ni kuwa na riga na sa an ɗauko mini ƙaton akwatin Alhaji.

"Wannan fa na mene ne?" in ji shi.

"Shi za ka haɗa. Uwata ce ta ɓata, ba tallar maganin basir za ni ba. So nake a ji ni daga nan har Oyo."

"Jatau, ƙahonin nan biyu talatin suke ɗauka. Wannan sittin yake turawa. Ninki biyu fa."

"Ka ji ka da lissafi! Tsohuwa na kwance a daji kana karanta mini lamba?"

"Ni ma Innar nan ta goya ni, kada ka gaya mini magana. Saboda ita nake gaya maka."

Zuciya ta ɗebe ni. Na faɗa masa maganganun da har yau in na tuna kunya ke kama ni, har da cewa ƙahoninsa yake ji, ba Inna ba. Mutane suka taru. Labaran ya dube ni. Sai ya durƙusa ya haɗa ƙaton akwatin, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya ɗauko gwangwanin fenti ya ja sabon layi can ƙasa, bai kai ko rabi ba.

"Don girman Allah kada ka wuce nan," ya ce. "In ka tsaya a nan za su kai ka yamma."

Na ja mota.

Har Sango na tsaya a kan layin. Amma da na fita gari na ga daji hagu da dama, gonakin rogo da koko ba iyaka, sai na ga muryar nan ta yi mini kaɗan. Na ɗan murɗa. Na ƙara. Kafin Ojoo na kai shi ƙarshe. Wayyo, ƙara kam ta samu! Kwanon motar har rawa yake, awaki na tsallake kwata, mata na janye yara daga bakin hanya. Ina tuƙi da hannu ɗaya ina ihu da Hausa da Yarabanci, tsohuwa ce ta ɓata, mai mayafi shuɗi, mai buta. A cikin mota ni kaina ba na gane abin da ke fita, amma na ce ai na nesa suna ji. Na wuce Moniya, na shiga ƙauyukan Akinyele, ina ta zabga ihu. Wajen azahar ƙahon dama ya yi wani ƙarar gwangwani ya ɗauke. Kafin in kai hannu na hagu ma ya bi shi. Sai warin ƙuna.

Na tsaya a gefen hanya na fito na ɗaga murya da bakina, "Inna! Inna!" Ko bishiyar farko ba ta wuce ba. Nan na zauna a kan dutse, ƙato da ni, na yi kuka.

Na dawo Sabo da la'asar. Na san dokar Labaran, na ga yadda ya yi wa mai magani, ga kuma abin da na faɗa masa da safe. Na tsaya nesa da shagon na kasa ƙarasawa. Shi ya fito. Ya hau motar ya kwance kawunan ƙahonin, ya shinshina, ya leƙa ciki ya ga inda maɓalli ya tsaya. Ina jira ya fara.

"Ka ci abinci?" Abin da ya ce ke nan.

Ya buɗe su a kan tebur ya nuna mini. A cikin kan kowane ƙaho akwai wata 'yar waya siririya kamar gashi, an naɗe ta zagaye, ita ke karɓar ƙarfin akwati. Duka biyu sun ƙone ƙurmus. Ɗaya har mazauninta ya narke, ba ta gyaruwa. Ɗayar kuwa ya ce in an sami irin wayar zai iya sake naɗawa da hannu, sai dai babu mai sayar da ita a Ibadan yanzu. Ya tsaya yana kaɗa yatsa a tebur. Can sai ya tashi ya shiga gida, ya fito da akwatin Oga a kafaɗa. Shekara guda bai taɓa shi ba. Ya yi bismilla ya ɓalle kwaɗon.

"In Allah ya dawo da shi ni zan gaya masa da bakina," ya ce. "Riƙe mini nan, kuma kada ka yi numfashi a kai."

Ya sa tabarau ya zauna a bakin ƙofa inda haske yake. Zagaye ɗaya, zagaye biyu, yana ƙirgawa a hankali, yana shafa gam da gashin kaza. Sau biyu wayar na tsinkewa yana farawa daga farko. Ni ina riƙe, yana ce mini, "Direban banza, sitiyari kaɗai ka iya riƙewa." Ana kiran magariba ya gama. Ya ce gam ɗin sai ya kwana ya bushe, kuma ko zan mutu ba zai taɓa shi ba kafin safiya. Wannan karon ban yi gardama ba.

Alhamis bayan asuba ya ɗaura ƙaho ɗaya tilo a kan mota, mai wat sha biyar, shi ma mai ɗinki. Yanzu ko ɗan akwatinsa mai talatin ya fi ƙarfinsa. Sai ya jawo wani ƙarami daga ƙarƙashin tebur, bai fi bulo girma ba, ya goge lambar ya nuna mini: sha biyar. Ya sauya wa wayar kusa a bayan akwatin, ya ce ƙaho ɗaya da ƙaho biyu ba wuri guda ake ɗaura su ba. Ya ba ni abin magana, ya taka har shataletale ya rufe ido, ya dawo ya ja farin layi. Da na ji abin da ke fita sai na raina shi. Jiya da aradu na fita ban same ta ba, yau da wannan?

Ya rufe shagonsa ya shigo gaba ya zauna, ya ɗora akwatin a cinya, ya dafe maɓallin da hannunsa. Ya ce ba zai sake bar mini shi ba.

A Ojoo sojoji suka tsayar da mu. Da suka ji abin da ya fito da mu, wani kofur ɗan arewa ya ɗaga sandar da kansa ya ce Allah ya bayyana ta. Daga nan Labaran ya kafa mini doka. Duk inda muka ga bukkoki ko 'yar kasuwa, in tsaya, in kashe inji. In fara da Yarabanci saboda mutanen wurin. Sannan in yi wa Inna magana.

"Ban ce ka yi ihu ba," ya ce. "Ƙarfi aikin akwati ne, ba naka ba. Yi mata magana yadda kake yi in ka shiga gaishe ta da safe."

"Haba Labaran, a gaban mutane?"

"To zauna kana jin kunya."

Na yi. "Inna, ina kwana. Ni ne. An tashi lafiya? Barakatu ta dama koko, yana hucewa. Ki fito mu tafi gida." Sai na ji muryata ta fita ta saman mota ta bi kan gonaki, tawa sosai, har da 'yar shaƙewar da nake da ita. Mu yi shiru mu saurara. Ba komai sai kukan tsuntsaye. Mu tada mota mu ƙara gaba.

Mun tsaya ya fi sau ashirin. Rana ta take, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Sau biyu hannuna na kaiwa wajen maɓallin, Labaran na buge shi ba tare da ya ko dube ni ba. Bayan azahar muka iso wani wuri a Akinyele inda mata ke suyar garin rogo a ƙarƙashin rumfa, bai fi taku ɗari uku ba daga dutsen da na zauna na yi kuka jiya. Na kashe inji. Na yi bayanin da Yarabanci. Kafin in rufe baki wata mata mai jiki ta yar da abin juya garinta ta taho da gudu tana ɗaure zane, tana cewa, "Baba, e duro! Ku tsaya!"

Ta ce tun shekaranjiya da yamma wata bolekaja, motar haya mai bodin katako, ta sauke tsohuwa a nan, don an rasa gane inda za ta. Su suka ba ta wurin kwana, suka shanya mata mayafi, sun ba ta eko, kokonsu na masara, ta ɗan sha. Ba sa jin abin da take faɗa, ita ma ba ta jin nasu.

Na ce, "Iya, jiya fa na wuce ta nan da wannan motar, ina cigiyarta!"

Ta riƙe baki. "Kai ne na jiya? Ah! Mu ƙara muka ji, ba mu ji magana ba. Mun ɗauka sojoji ne ke cewa a tashi. Ita kuwa mama tana ji ta rarrafa ta shige bayan itacen wuta, tana cewa soja, soja. Tun jiyan ta ƙi fitowa daga ɗakin ajiya, ko mu muka matsa sai ta ƙanƙame ƙofa."

Ban iya kallon Labaran ba. Shi kuwa, Allah ya ji ƙansa, bai yi mini gori ba. Na yunƙura zan ruga ɗakin, ya riƙe mini riga.

"In ka faɗa mata a guje za ta ƙara firgita. Daga nan za ka kira ta." Ya ɗan rage maɓallin ƙasa da layin ma, ya miƙo mini abin magana.

Na karɓa. "Inna, ina wuni. Ni ne. Ba soja ba ne, babu kowa sai ni da Labaran na gidan Malam Mahmudu. Na kawo mota. Ki fito mu tafi gida."

Matan nan duk suka tsaya cik, gari na ƙonewa a kasko babu wanda ya kula. Can ƙofar langa-langa ta motsa. Sai ga buta ta fara fitowa, sannan ita, ƙafafunta sun kumbura, mayafin duk garin rogo. Ta tsaya tana ƙifta ido, tana kallon ƙahon da ke saman mota, don daga nan ta ji muryar. Na sauko. Na durƙusa a gabanta kamar yadda na saba, ina jira ta juya wa bango fuska.

Ba ta juya ba. Ta sa hannu biyu ta kama kaina, ta dube ni cikin ido.

"Abdulsalam," ta ce. "Ina ka shiga tun shekaranjiya ina ta nemanka?"

Shekarata arba'in da ɗaya a ranar, ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinta ba. Na kifa kaina a gwiwarta, ban san lokacin da na fara kuka ba, matan suna ta cewa pele, pele, wato sannu. Da na ɗago sai na hango Labaran ya juya mana baya, wai yana duba wayar batir, alhali babu abin da ya sami wayar. A hanyar dawowa Inna na tsakiyarmu tana barci a kafaɗarsa, ruwa ya sauko, ya leƙo ta kanta ya ce mini a hankali, "Wat sha biyar, direba."

Sojan Biyafara ba su iso Ibadan ba, waɗanda suka ɗaure kaya suka kwance. Bayan yaƙi, a shekarar saba'in, Oga ya dawo, ya rame har ban gane shi ba. Kafin ya zauna Labaran ya ajiye masa akwatinsa ya ce ya ɓalle kwaɗon sau ɗaya, ya ɗebi waya kamu kaza, ga kuma dalili. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a kai shi ya gaida tsohuwar. Tare suka ci gaba da aiki a ɗan akurkin nan, gwiwa na gugar gwiwa, har ya samu ya sake buɗe nasa a Mokola.

Inna ta ƙara shekara huɗu a duniya. Washegarin da muka dawo da ita na shiga gaishe ta, ta juya wa bango fuska ta amsa, na ji tana tambayar Barakatu ko wancan ya karya. Ba ta sake kiran sunana ba har ta koma ga Allah, ni kuma ban sake jin ciwon abin ba. Na ji sau ɗaya, tas, babu ƙara babu kakari, kuma Labaran yana wurin.